Gadona Yana Kan Teku, Na Amarya Ƙwaro Na Cin Sa

Assalamu alaikum Hajiya mai wannan shafi, da ku 'yan'uwa masu karantawa. Sannunku da aiki, sannunku da hidimar iyali. Ku ɗan matso kusa, maganar da ke bakina ba ta tsakar gida ba ce, ko aminiyata ban gaya wa ba. Hajiya don Allah a ɓoye sunana da lambata. Ku kuma, kafin ku fara zuba zagi a ƙasa, ku daure ku karanta har ƙarshe. Na san halinku sarai, kullum ina nan ina ganin yadda kuke yi wa mutane wankin babban bargo. Wadda ba a taɓa yin kyauta da abinta tana zaune ba, ta bi ni a hankali. Rubutuna kuma ku yi haƙuri da shi, aji huɗu na tsaya a lakwal, makarantar boko.

Ni matar aure ce, shekarata goma sha ɗaya a ɗakina, 'ya'yanmu biyu. Muna wani ƙauye ta wajen Yekuwa, sunansa ba zan faɗa ba, don a garinmu ko akuya ta yi tari sai an ji a Magarya. Maigidana yana Gabon yana da ɗan shago, sai bayan shekara biyu yake leƙo mu. Ni ina gidansu tare da mahaifiyarsa, Inna, da autarsu, bari in kira ta Zulai. Bana Allah ya buɗa masa, ya yi mana takardu ni da yara mu bi shi. Kowa na ta yi mini barka, ni kuwa ko kaɗan ban yi murna ba. Ni mace ce mai son ɗakinta. Damagaram ce iyakar tafiyata a duniya, ita ma ganin likita ya kai ni. Ku ba ni tsintsiyata da murhuna da maƙwabciyar da za mu yi hira ta kan darni, kun gama mini komai. To yanzu a ce in ƙetare teku, garin da ko sallama ban san yadda suke yi ba.

Shi ya sa tun ranar da ya faɗa mini, abin da na fara tambaya shi ne kayan ɗakina. Ina da gado da almuwar, wato akwatin tsaye na sa tufafi. Na katakon maɗaci ne, marigayiya uwata ta yi mini su. Matar nan shekara da shekaru tana tuyar ƙuli-ƙuli, tana matsar mai, duk ranar kasuwar Guci tana can da kwalabenta a rana. Tafin hannunta in kin taɓa kamar bayan kunkuru. Da kuɗin sana'ar nan ta sa aka ƙera mini su a Damagaram, ta ce, "Ko ba ki da komai a gidan miji, ki samu inda za ki kwanta ki ce nan nawa ne." A bakin gadon nan ta zauna ta yi wa 'yata ta fari wanka, bayan wata biyar uwar tawa ta rasu. To ku gaya mini, wannan katako ne kawai?

Maigidan ya yi dariya a waya. Ya ce, "Maman Nana, jirgin sama ba amalanke ba ne, jaka biyu ake bari. In kuma ta ruwa ne, abin da za a kashe wajen turo shi ya sayi gado uku. Nan fa kayan okaziyo, na hannu, sun yi yawa, baƙi in za su koma ƙasarsu kusan kyauta suke zubarwa. Na ma riga na sayi gado da kujeru wajen wani da ya tashi." Na ce, "Gadon wa? Wa ya kwanta a kai, wa ya yi jinya a kai, wa ya mutu a kai? Ka sani?" Ya ce, "Ke dai da tsirfa. Katifa sabuwa ce." Na ce to in ba za a tafi da nawa ba, a kulle mini ɗakina, in na zo ganin gida in tarar da abina. Ya ce to. Da bakinsa ya ce to, Allah shaida.

Ba a yi sati biyu ba aka sa ranar auren Zulai da wani malamin lakwal na wajen Dungas, saurayinta ne tun da daɗewa. Murna a gidan ba a magana, amma damina ba ta yi mana kyau ba, geron da aka samu ko na ci bai kai ba, Inna kuma ba miji, ba ta da abin yi wa yarinya kayan ɗaki. Wata rana da hantsi ina tankaɗe a bayan darni, sai na ji muryar maigidana. Inna kunnenta ya yi nauyi, in an aiko mata da bokal, wato saƙon murya, sai ta ƙure ƙarar waya har kaji su watse. Ni kuwa Allah ya ba ni kunne, ko allura ta faɗi a rairayi sai na ji. Yana cewa, "Inna, kar ki sa wa ranki damuwa a kan kayan Zulai. Ga na Maman Nana nan, ai ba da su za ta taho ba. A ba yarinya gadon da almuwar, ni in ji da sauran." Inna, Allah ya saka mata, ta danna wayar ta ce, "To ka gaya wa mai su?" Ya amsa, "Zan gaya mata. Ai ita ba ta da matsala."

Ba ta da matsala. Rariyar na hannuna, na tsaya kamar an dasa ni. Wato don ba na musu, don shekara goma sha ɗaya ina dafa wa uwarsa, ina wanke mata, ban taɓa kai ƙara gidanmu ba, shi ya sa na zama wadda ake rabon kayanta tana da rai? Kayan ɗakin mace a garinku na miji ne? A namu dai ko saki aka yi, mace da kayanta take fita, alƙali ma ya san haka. Da yamma ya kira ni, ya yi ta kewaye-kewaye, ya lafiyar yara, ya zafi, sannan ya ce, "Na yi wa Inna alkawarin kayan nan, na san za ki ji daɗi." Gaya mini ya yi, bai tambaye ni ba. Ni kuma, ga inda na fara lalacewa, maimakon in buɗe baki in ce ban yarda ba, sai na ji bakina ya ce, "Ba komai." Me zan ce? In ce a'a, gari ya ɗauka matar ɗan Gabon ta hana marainiya gado, ita da za ta hau jirgi? Har in mutu da wannan sunan za a kira 'ya'yana.

Kwana uku ina juya abin a raina, ran na huɗu dabara ta zo mini. Na ce wa Inna ai bai kamata a kai amarya da tsohon launi ba, bari in kai su Magarya wajen kafinta ya goge ya sake musu fenti, tunda dama zan je a yi wa yara allurar tafiya. Ta yi ta sa mini albarka. Aka kwance gado, aka ɗora a amalanken wani dattijo maƙwabcinmu. Kun san garinmu, in aka ga kayan ɗakin mace a kan amalanke magana ɗaya ce, aure ya mutu. Kafin mu kai bakin rijiya mata sun fito, wata har da hawayenta tana cewa, "Maman Nana, ta waya ya yi miki?" Sai da Inna ta fito da sandarta tana bin su tana cewa, "Bakinku ya sari ɗanyen kashi. Fenti za a kai, surukata ta ba Zulai kayanta, in kun isa ku yi irin nata." Ina tafe a bayan amalanke ina jin ta, kaina a ƙasa. Suka ɗauka kunya ce ta kirki.

A Magarya na sa aka sauke a wajen kafinta, dattijo ya juya. Dama na riga na sayar da awakina da 'yan kunnena na zinari, nawa ne, ba na kowa ba, na ce wa mutanen gida shirin tafiya nake. Na nemi wani Alhaji da ke tura wa 'yan Gabon kaya, na san shi a bakin maigidana. Mota ke kai su Kano, daga can Kalaba, sannan a sa a jirgin ruwa. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni sai ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Baiwar Allah, mutane kilishi da yaji da atamfa suke turawa, ke gado?" Na ce, "Teku ta ce ba ta ɗaukar gado ne?" Ya ce, "Tana ɗauka, amma wallahi da abin da za ki ba ni, can sai ki sayi wanda ya fi shi." Na ce, "Alhaji, can ana sayar da wanda uwata ta taɓa?" Sai ya sa aka naɗe su da buhuna da tabarmi aka ɗaure, ya rubuta sunana a jiki, ya ce za a ajiye mini a ma'ajiyarsu ta can har in iso.

Saura abin da zan mayar gida. Na bi masu sayar da kayan hannu rumfa rumfa, har na samu gado da almuwar masu irin zanen nawa, don a shekarun aurenmu irinsa ake yayi, mai madubi a ka. Ɗan abin da ya rage a hannuna shi na bayar, ban ko tambayi na wace ce ba. Ni da na tsare miji da wa ya mutu a kai. Na gani, ba sai kun nuna mini ba. Kafinta ya ƙwanƙwasa ƙafafun da bayan guduma, ya kara kunne, ya ce, "Hajiya, ni fa ban yarda da ƙafafun nan ba, kamar akwai ɓarna a ciki." Na ce, "Fenti na kawo ka yi ko wa'azi?" Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Ya toshe 'yan ramukan, ya shafa fenti mai ruwan ƙasa, ya bi da mai sheƙi. Wannan maganar da na yi masa, ita ce ta fi komai ci mini rai yanzu. An gaya mini, ba a rufe ni ba.

Bayan kwana goma dattijo ya ɗauko su. Yana saukewa yana cewa, "Maman Nana, ashe fenti na rage wa katako nauyi? Ran da muka kai mu huɗu muka ɗaga muna nishi, yau mu biyu." Na ce, "Baba, maɗaci in ya sha rana haka yake." Ya ce, "Allah mai iko." Inna idonta ba ya gani sosai, ta shafa da hannu ta ce santsi kamar kwalba. Zulai kuwa tsalle ta yi ta rungume ni. Ita abokiyar wasata ce, tun tana 'yar shekara tara na same ta a gidan, ni na koya mata tuƙa tuwo, ni nake yi mata kitso, kullum muna tsokanar juna. Ta ce, "Matar Yaya, ashe dai kina da amfani." Na ce, "Tafi can, mai ƙona miya, Allah ya ji ƙan malam da cikinsa." Muka yi dariya.

Aka haɗa gadon a ɗakina kafin ranar jere. Na ce warin fenti na sa ni ciwon kai, na sauke katifa ƙasa ni da yara. Ran na uku bayan azahar, gida ya yi tsit, kowa ya kwanta hutun rana, sai na ji wani abu. Ƙurus, ƙurus, ƙurus. A hankali, kamar mai tauna ɗanyen gero a ɓoye. Na kara kunnena a ƙafar gado, yana ciki. Ƙwaron katako ne, kuma ba ɗaya ba. Da safe na ga gari fari mai laushi ya taru a gindin ƙafa biyu na wajen kai. Na share. Washegari ya dawo. Yau sati uku ke nan aikina shara, har Inna na yabon tsabtata. Ba mai jin ƙarar nan a gidan sai ni. Na ɗura kananzir a ramukan da tsinke, ya yi shiru kwana biyu ya ci gaba. Shekaranjiya na danna ƙafar da babban yatsana, wallahi sai da ta lotsa kamar gurasa.

Yanzu biki saura kwana goma sha biyu, tafiyata kuma sati ɗaya bayan biki. Kun san yadda ake yi ran jere, dangin ango mata za su cika ɗaki ganin kaya, a buɗe almuwar, a ƙwanƙwasa, a hau gado a zauna mutum biyar shida ana guɗa. Akwai gwaggon ango, ta zo kawo lefe na gan ta, mace ce Allah ya yi mata jiki, in ta hau amalanke sai sa ya waiwayo. In ta zauna a kan gadon nan ya karye a gaban mutanen Dungas, ba ni za a yi wa dariya ba. Zulai za a yi wa. Har ta tsufa a garin, amarya mai ruɓaɓɓen gado za a ce mata, a ce danginta sun yi wa ruɓa fenti sun kawo. In kuma ya tsallake ranar, wata nawa zai yi? Lokacin ina Gabon, kafinta na farko da za a kira zai ce wannan ba maɗaci ba ne, bai taɓa zama maɗaci ba. Shi kuma maigida ranar da ya ga an sauke masa gadona a ƙofar gidansa mai ɗaki ɗaya da falo, me zan ce masa? Teku ce ta kawo?

Amma ku ji ni da kyau, don na san wasu sun riga sun fara rubuta "ki tuba ki dawo da kayan mutane". Kayan wa? Ban saci na kowa ba. Gumin uwata ne, na tura abina inda zan zauna, da kuɗin awakina. Ko yau aka mayar da ni bayan darnin nan da rariya a hannu, gadon nan ba zai kwana a Dungas ba. Wanda ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, shi ba ku da abin gaya masa? Don yana namiji, don yana aiko da kuɗin cefane? Da ɗan'uwansa ne ya ɗauki shagonsa ya ba wani ya ce ai Yaya ba shi da matsala, da daga Gabon har nan sai an ji kansu. A kan wannan ba zan ba kowa haƙuri ba, ko shi, ko Inna, ko ku.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan daban ne. Jiya da la'asar ina tsefe wa Zulai kai a ƙofar ɗakina, tana zaune tsakanin ƙafafuna. Can ta ce, "Matar Yaya, in tambaye ki, don Allah kar ki yi mini wasa." Na ce ina ji. Ta ce, "Na san wadda ta yi miki gadon nan. Ina nan ranar da aka zo miki da rasuwarta, a kansa kika kwana uku ba ki ci abinci ba. Yaya bai san wannan ba, ba ya nan. In ranki bai so ba ki gaya mini ni kaɗai. Wallahi sai in ce ni ce ba na so, tsohon yayi ne, in yi musu rigima har su haƙura. Malam ya ce ko da katifa a ƙasa aka kai ni shi bai damu ba. Ba na so in kwanta a kan abin da kike kuka a kai."

Duk gidan nan, da mai gemu da mai furfura, ba wanda ya tambaye ni sai yarinyar da na koya wa ɗaura zani. Ga ƙofa ta buɗe mini har bango. Da na ce mata eh raina bai so ba, da ta ƙi gadon, da asirina ya rufu ta wannan gefen, ita kuma ta ɗauki sunan mai raina kyauta a kan laifin da ba nata ba. Da na gaya mata gaskiya duka, da ban san da wane ido za ta ƙara kallona ba. Ina riƙe da gashinta, ta bayanmu a cikin ɗaki ina jin ƙurus, ƙurus. Kun san abin da na ce? Na ce, "Ke dai Allah ya sa ki haifi 'yan biyu a kai. Na ba ki har zuciyata." Ta kama hannuna ta ɗora a kumatunta.

Ba ni da abin sayen wani, awaki sun tafi, zinari ya tafi. In na gaya wa maigida wataƙila ya aiko a sayi sabo kafin biki, amma zai ce na mayar da uwarsa abin dariya, ita da ta bi gari da sanda tana yabona, kuma ban san ko takardun nan za su ƙara amfani ba. In na gaya wa Zulai ita kaɗai, na san za ta rufa mini asiri ta ɗauki kunyar a kanta, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. In na yi shiru, kwana goma sha biyu ne.

Gadona ba zai dawo ba, wannan kar ma ku ɓata bakinku. Yarinyar nan nake tambaya a kai. Ke da kika karanta har nan, in ke ce zaune da gashinta a hannunki, wa za ki fara gaya wa, kuma da wane baki? Me zan yi?